Yadda Marubuci Zai Sarrafa Ɗacin Ƙuruciyarsa Ya Zama Labari

Kusan duk wanda ya daɗe yana rubutu yana da wani labari guda da yake kewaye wa. Ya rubuta na soyayya, ya rubuta na sarauta da na 'yan siyasa, amma wannan ɗin kullum sai ya ce sai wata rana. Galibi labarin na ƙuruciya ne: ranar da aka saki mahaifiya aka kwashe kayan ɗakinta, ko shekarun riƙo a hannun wata gwaggo, ko almajiranci a garin da yaro bai san kowa ba, ko tallan da ya raba yarinya da makaranta, ko dukan da ya wuce horo ya koma azaba, ko daren da aka gudu daga ƙauye ba a ko tsaya ɗaukar takalmi ba. Saboda nauyin da waɗannan abubuwa suke da shi a zuciyar mai su, marubuci yakan ɗauka cewa da zarar ya zuba su a takarda za su girgiza mai karatu kamar yadda suke girgiza shi. Sau da yawa ba haka ake samu ba, domin abin da ke fitowa a karon farko yakan zama ƙorafi ne ko ƙarar da aka shigar gaban jama'a, mai karatu ya ce "Allah sarki", ya wuce.

Abin da ya faru da mutum ɗanyar fata ce, ba a ɗinka takalmi da ita sai ta bi ta hannun majemi, an jiƙa ta, an kankare gashin, an sa mata bagaruwa, an shanya. Matakan da ke tafe su ne aikin da ake yi tsakanin abin da ya faru da labarin da wani zai karanta, kuma an jera su ne yadda ya kamata a bi su, don tsallake na farko-farkon shi ne yake jawo wa marubuci yawancin nadamarsa.

Mataki na farko: duba ko lokaci ya yi

Kafin ka ɗauki alƙalami, ka tambayi kanka ko abin ya wuce ko har yanzu kana cikinsa. Idan kana zaune ƙarƙashin ikon wanda ya cuce ka, shi ke ciyar da kai ko biya maka kuɗin makaranta, to fitar da labarin yanzu zai iya jefa ka cikin wani sabon hatsari. Haka kuma idan tuna abin yana sa ka kasa barci kwana da kwanaki, ko zuciyarka ta riƙa bugawa, jikinka na rawa, ko ka ji kamar abin yana sake faruwa a gabanka, ko tunanin cutar da kanka ya riƙa zuwa maka, to likita kake buƙata kafin takarda. Akwai asibitocin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen da ke wannan aiki. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce, kamar yadda mutanenmu da yawa suke ɗauka.

Alamar da ke nuna cewa lokaci ya yi ita ce ka iya tuna abin, ranka ya sosu, amma bayan ɗan lokaci ka tashi ka ci gaba da harkokinka.

Mataki na biyu: rubutun da ba wanda zai gani

Rubutu na farko naka ne kai kaɗai. Hanyar da aka fi sani ta yin sa ta fito ne daga binciken wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, James Pennebaker, wanda a 1986 shi da Sandra Beall suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ɗaliban jami'a. Sun sa wasu daga cikin ɗaliban su riƙa rubutu na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere, a kan abu mafi ciwo da ya taɓa samun su, wasu kuma aka ba su batutuwa marasa nauyi su rubuta. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji sun fi shiga damuwa a daidai lokacin da suka ajiye alƙalami, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya ragu. Gwaje-gwajen da aka maimaita daga baya sun nuna cewa amfanin yana nan, sai dai matsakaici ne, kuma ba kowa yake samun sa ba. Don haka kada ka ɗauki wannan a matsayin magani. Amfaninsa ga marubuci shi ne yana sauke zafin farko, wanda in ba a sauke shi ba zai mamaye labarin.

Ka samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Takarda ta fi waya a nan, domin abin da aka rubuta a waya dannawa ɗaya ce tsakaninsa da shiga wani zauren WhatsApp bisa kuskure, ga kuma yara da ƙanne da ke karɓar waya su yi wasa. Ka zaɓi lokacin da kake da abin yi a bayansa, kamar hantsi kafin fita kasuwa ko kafin ɗora girki, ka guji daf da kwanciya barci. Ka sa agogo na minti 15 zuwa 20, ka yi ta rubutu ba tsayawa, ba gyaran ƙa'idar rubutu, ba tunanin wa zai ji haushi. In zagi ya zo, rubuta shi. In agogo ya buga, rufe littafin ko da kana tsakiyar jimla, ka tashi ka yi alwala ko ka wanke fuska, ka fita cikin mutane. Idan a rana ta biyu ka ga abin ya fi ƙarfinka, ka dakata, shawarar da shi kansa Pennebaker yake bayarwa ke nan.

Ba abin da za ka kwafa daga wannan littafi zuwa labarinka sai 'yan abubuwa ƙalilan, kuma za ka gane su idan ka sake karantawa bayan mako biyu ko uku: su ne wuraren da ka daina faɗin ra'ayinka ka ambaci wani abu da idonka ya gani.

Mataki na uku: tattara abin da ido da hanci suka riƙe

Yaro ba ya riƙe dalilai, abubuwa yake riƙewa. Bai san abin da ya haɗa iyayensa ba, amma ya san launin zanen da uwarsa ta ɗaura a ranar, ya san cewa tuwon daren ya ƙone ba wanda ya yi magana. Waɗannan su ne jarin marubuci, kuma akwai dabarar tono su.

Ka ɗauki farar takarda ka zana taswirar gidan da abin ya faru, tun daga zaure har ƙuryar ɗaki: ina turakar maigida take, ina ɗakin uwargida da na amarya, ina madafi, ina rijiya ko randa, ina turken awaki, ina makewayi, ina kake kwana, kuma da wa. Sannan ka bi taswirar ɗaki-ɗaki kana rubuta abin da ke ciki. Ka tuna cewa tsawonka a lokacin bai wuce ƙugun manya ba, saboda haka abin da ka fi gani shi ne ƙafafu, da bakin zane, da ƙarƙashin gado, da hannaye, fuskoki kuwa sai ka ɗaga kai. Marubuta da yawa suna mance wannan, su bayyana ɗakin kamar yadda babba mai tsaye zai gan shi.

Ka ba wari da ƙamshi nasu shafin daban. Jijiyoyin shaƙa suna da kusanci sosai da sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin rai, shi ya sa warin kananzir na fitilar ƙwai, ko ƙamshin turaren wuta, ko hayaƙin karan dawa, ko warin maganin asibiti, yake dawo da mutum shekara talatin baya kafin ya ankara. Bayan haka sai sauti: rediyon maƙwabci, injin niƙa, kiran sallar wane masallaci ake ji, da irin sunan da ake kiran ka da shi a gidan, musamman idan ba sunanka na yanka ba ne. Sai kuma kalmomin da aka faɗa maka, yadda aka faɗe su, da karin harshen mai faɗar. Idan gwaggonka Basakkwata ce, kada ka mayar da maganarta Kananci don ta yi daidai da littafin nahawu.

Mataki na huɗu: tace abin da ka tuna

A nan ne ya kamata marubuci ya yi wa kansa adalci, domin ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu yadda kyamara ke ajiyewa. Duk lokacin da mutum ya tuna abu yana sake gina shi ne, kuma abin da ya ji daga baya yana iya shiga ginin. Yawancin manya ba sa riƙe komai na kafin shekara uku ko huɗu, don haka idan kana ganin ka tuna abin da ya faru kana goye, akwai yiwuwar labarin da aka sha ba ka ne ya zama hoto a kanka. A 1995 Elizabeth Loftus da Jacqueline Pickrell sun wallafa wani gwaji da suka yi da mutum 24, inda aka ba kowanne labaran ƙuruciyarsa na gaskiya guda uku da aka samo daga danginsa, aka cusa na ƙarya guda cewa ya taɓa ɓata a wata babbar kasuwar zamani yana ɗan shekara biyar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna ɓatan, wasu har da ƙarin bayani. Wannan ba ya nufin abin da ya same ka ƙarya ne. Yana nufin gundarin abin zai iya zama daidai alhali shekarar, ko wanda yake wurin, ko wanda ya fara magana, sun sauya a kanka.

Ka raba takarda gida uku: abin da na gani da idona, abin da aka gaya mini, abin da nake zato. Za ka yi mamakin yadda gida na uku zai cika. Sannan ka nemi turakun da za ka ɗaure shekaru a jikinsu, wato abubuwan da kowa ya shaida: farin 1973 da na 1984, rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, canjin kuɗi na 1984, annobar sanƙarau ta 1996, husufin rana na Maris 2006, ko shekarar da wani sarki ya rasu ko aka naɗa shi. Tsohuwar da ba za ta iya gaya maka shekara da lamba ba za ta iya ce maka abin ya faru ne damina biyu bayan sanƙarau.

Tambayar manya ita ma tana da ladabinta. In ka tunkari gwaggo da "me ya sa kuka yi mini haka", ka rufe ƙofa da kanka, abin da za ka samu shi ne "abin da ya wuce ya wuce" da nasihar haƙuri. Ka zo mata ta gefe, bayan gaisuwa ta yi nisa: "Gwaggo, wai tsohon gidanmu na bayan kasuwa, ɗakin Inna ne yake kallon rijiya ko na Yaya?" Daga ɗaki za ta gangara kan mutanen ɗakin, kai dai ka yi shiru ka saurara. Kada ka naɗi muryar kowa a ɓoye.

Mataki na biyar: zaɓi rigar da labarin zai sa

Za ka iya rubuta shi a matsayin tarihin rayuwarka da sunanka, ko ƙagaggen labari, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo. A ganina, ga mafi yawan marubutan Hausa ƙagaggen labari ya fi, saboda al'ummarmu a sarƙe take, gida ɗaya ya haɗa zuri'a uku, kuma asirin da ka tona ba naka kaɗai ba ne, yana iya shafar auren ƙanwarka. Ƙagaggen labari kuma yana ba ka damar haɗa gwaggo biyu su zama mace ɗaya, ka matse shekara shida su koma damina guda.

Sai dai sauya suna kawai ba ɓoyewa ba ne. Idan ka bar garin yadda yake, da sana'ar uban, da yawan matansa, da gurguwar ƙafar kawu, duk ɗan unguwarku zai gane gidan a shafi na biyu. Ka sauya gari, da sana'a, da adadin 'ya'ya, in ta kama ma ka mayar da yaron yarinya. Abin da ba a taɓawa shi ne zuciyar al'amarin, wato abin da yaron ya rasa da yadda ya gane ya rasa shi. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu a rubutun intanet, ta liƙa wa labari tambarin "wannan labarin gaskiya ne" don jan masu karatu. Idan ka ƙara ka rage, kada ka sa wannan tambari, domin yaudara ce ga mai karatu, kuma gayyata ce ga mutane su fara farautar masu labarin.

Ka gwada rubuta shafi ɗaya da "na", ka sake rubuta shi da "ya" ko "ta". Wasu sai sun ce "ta" sannan hannunsu yake daina rawa.

Mataki na shida: rana ɗaya, daga idon yaro

Wannan shi ne ainihin aikin. Kada ka fara da haihuwa ka biyo shekara-shekara. Ka zaɓi rana guda, ko ma sa'a guda, wadda in an fahimce ta an fahimci sauran, ka tsaya a cikinta. Ga yadda rubutun farko yakan fito:

"Ranar da aka saki mahaifiyata ita ce rana mafi baƙin ciki a rayuwata. Na yi kuka kamar raina zai fita. Mahaifina azzalumi ne marar tausayi, kuma tun daga ranar ban sake sanin farin ciki ba."

Duk abin da ke ciki zai iya zama gaskiya, amma mai karatu bai ga komai ba, an yanke masa hukunci ne an miƙa masa. Ga kuma yadda za a iya zuwa wa ranar ta idon yarinya 'yar shekara bakwai, 'yar fari a wurin uwarta:

"Da na dawo daga makarantar allo na tarar da a-kori-kura a ƙofar gida, kawu yana ɗaure ƙafafun gado da igiyar guga. Na yi murna, na ɗauka tafiya za mu yi. A ɗaki an sauke jeren kwanuka duka, bangon ya fito da zagaye-zagaye farare inda hayaƙi bai taɓa ba, na tsaya ina ƙirga su. Inna tana naɗe tabarma, ta naɗe ta kwance ta sake naɗewa. Na ɗauko takalmina na salla na sa a cikin kwalla don kada a manta da shi, ta ciro shi ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba. Da direba ya tayar da mota sai ta kira ni da sunana. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har na waiga in ga wa take kira."

Babu kalmar baƙin ciki a wannan sakin layi, babu hawaye, ba a ma ambaci uban ba. Abin da ke aiki shi ne tazarar da ke tsakanin abin da yarinyar ta fahimta da abin da mai karatu ya riga ya gane: ita tana murnar tafiya, shi kuwa ya san takalmin da aka ciro yana nufin ba da ita za a tafi ba. Sannan duk Bahaushe ya san alkunyar da ke hana uwa ambaton sunan ɗan fari, don haka karya wannan alkunya sau ɗaya ya fi shafi uku na kuka nauyi. Al'adarmu cike take da irin waɗannan wurare da ake faɗin babban abu da ƙaramin motsi: wanda ya ƙi amsa gaisuwa, kwanon da aka mayar ba a buɗe ba, uban da ya fita masallaci tun kafin a kira salla. Ka neme su a taswirarka.

Ka kula da muryoyi biyu da ke cikinka, ta yaron da abin ya faru da shi da ta babban da ke rubutu yau. Babban yana son ya yi ta kutsowa yana bayani, yana cewa "ban san cewa wannan ce rana ta ƙarshe ba". Ka ba shi dama kaɗan, a wurin da bayaninsa zai ƙara wani abu da yaron ba zai iya sani ba, kamar kuɗin sadaki ko abin da alƙali ya yanke. In ba haka ba ya yi shiru. Kuma kada ka cire abin dariya ko daɗi da ya faru a ranar don kana ganin zai rage nauyin labarin. Yara suna wasan langa a gidan makoki, suna murnar shinkafar sadakar uku, kuma mai karatu ya fi yarda da labarin da ya bar wannan a ciki.

Idan abin da ya faru cin zarafi ne irin wanda ake yi wa yara a ɓoye, kada ka zayyana aikin kansa. Ka tsaya a bakin ƙofa: abin da ya gabata, da abin da ya biyo baya, da yadda yaron ya daina bin wani lungu ko ya fara fitsarin kwance bayan ya daina. Wannan ya fi kare mutuncin yaron, ya fi sauƙi ga mai karatun da irin haka ta taɓa samu, kuma ba ya ba mai mugun nufi abin da zai ji daɗin karantawa.

Mataki na bakwai: ba wanda ya cuce ka fuskar mutum

Tun daga tatsuniyar bora da mowa muka gaji muguwar kishiyar uwa wadda ba ta da wani aiki sai mugunta, kuma littattafai da fina-finanmu sun yi ta maimaita ta har mai karatu yana gane ta tun kafin ta yi magana. Idan ka zuba gwaggonka a wannan tsohon zubi, ta daina zama taka, ta koma ta kowa. Ka zauna ka rubuta shafi guda, wanda ba lallai ya shiga labarin ba, a kan yininta daga asuba zuwa dare: shekarunta nawa aka aurar da ita, 'ya'ya nawa ta binne, nawa ake ba ta kuɗin cefane, wa take tsoro. Wataƙila ka tarar cewa matar da kake gani ƙatuwa a lokacin ba ta wuce shekara ashirin da biyu ba. Sanin wannan ba wanke ta ba ne, kuma ba a ce sai ka yafe kafin ka rubuta ba. Amfaninsa shi ne macen da ta hana yaro abincin dare, sannan da zazzaɓi ya kama shi ta kwana tana shafa masa ruwa, ta fi dodanniya ban tsoro, kuma ita ce mai karatu zai gane a gidansu.

Yaron ma kada ya fito waliyyi. In ya saci nama a tukunya ya bari aka daki ƙaninsa, a rubuta.

Mataki na takwas: haƙƙin waɗanda ke cikin labarin

Marubuci Musulmi ba zai rasa tunanin giba ba, kuma ya dace ya yi tunanin. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta yi hani mai tsanani a kan cin naman ɗan'uwa a bayan idonsa, aya ta 148 a Suratun Nisa'i kuma ta nuna cewa Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili, kuma idan za ka ambaci mutum yadda za a gane shi, ya kamata ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa da riƙon sirrinsa. Ta fuskar doka kuma, ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa, ana kuma iya kai ƙarar neman diyya, sannan an sha gurfanar da mutane a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa. Wannan wani ƙarin dalili ne na sauya kamanni da gaske.

Wanda aka fi mantawa da haƙƙinsa shi ne ɗan'uwan da aka cuta tare da kai. Kai ka zaɓi ka yi magana, yayarka ba ta zaɓa ba, kuma mai yiwuwa mijinta da 'ya'yanta ba su san komai ba. Ita ce ya kamata ka nuna wa rubutun kafin kowa, in ta ce a cire ta, ka cire ta. Wanda ya yi cutar kuwa ba ka buƙatar izininsa. Idan kana ganin duk da haka za a gano, sunan alƙalami hanya ce da marubuta suka daɗe suna bi.

Mataki na tara: ajiye, sannan ka gyara

Ka ajiye rubutun wata guda ko fiye, sannan ka karanta shi da ƙarfi kai kaɗai. Duk inda ka ji kana yi wa wani huɗuba, ko kana kare kanka, ko ka jera kalmomi irin su "azaba", "ƙunci" da "baƙin ciki" a layi ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashi, ka tambayi kanka abin da aka gani a wurin. Daga nan ka ba mutum ɗaya ko biyu da ba su san gidanku ba, kuma kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, don kara za ta sa su ce ya yi. Ka tambaye su a ina hankalinsu ya fara tafiya wani wuri, wane mutum ne ba su yarda da shi ba, me suka gani da suka rufe ido.

Ƙarshen labarin shi ne inda aka fi yin ha'inci. An saba azzalumar ta haukace, ko shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, ta aiko a nemo maraya ta roƙi gafara, shi kuwa ya riga ya zama attajiri. Idan ba haka ta faru ba, kuma galibi ba haka take faruwa ba, kada ka ƙaga wannan don ka huce. Mai karatun da ke cikin irin halin ya san cewa gwaggonsa tana nan lafiya lau, har ta je Makka sau biyu, kuma zai gane ka yi masa ƙarya. Labarin zai iya tsayawa a wurin da yaron ya fahimci wani abu, ko ya yanke wata ƙaramar shawara, ko da duniya ba ta sāka masa ba.

Mataki na goma: fitarwa

Ka gama labarin gaba ɗaya kafin ka saki ko da shafi guda. Al'adar sakin labari kashi-kashi kullum a Facebook, WhatsApp ko Wattpad tana da daɗi ga labaran nishaɗi, amma a irin wannan tana da illa, domin masu sharhi za su fara yi maka umarni, wannan ya ce a kashe gwaggo, wancan ya ce yarinyar ce marar kunya, kai kuma kana rubuta kashi na gaba da zafin maganarsu. Idan gajeren labari ne kuma mace ce ta rubuta, gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta sha karɓar labarai masu irin wannan jigo. Rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1981, suna zaman karatu a jihohi da dama inda za ka iya karanta wani yanki ka ji yadda ya sauka a kunnen mutane. Mai niyyar buga littafi a Kano kuma ya san da zaman Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, ya nemi sanin ƙa'idojinta tun kafin ya kai wa maɗaba'a.

Bayan fitarwa abu biyu za su zo. Na farko saƙonnin mutanen da za su ce labarinsu ka rubuta, wasu su zayyano maka abin da ba su taɓa gaya wa kowa ba. Ka amsa da mutunci, ka riƙe musu sirri, kada ka mayar da saƙonsu labari ba da izininsu ba, kuma idan ka ga alamar wani yana cikin hatsari ka nuna masa hanyar asibiti ko hukumar jin daɗin jama'a, kada ka ɗora wa kanka aikin likita. Na biyu ita ce tambayar "wai kai ne?", wadda za ta zo daga abokai, da 'yan jarida, da wata 'yar'uwa a wurin biki. Ka shirya amsarka tun kafin ranar, jimla ɗaya da za ka iya maimaitawa ba tare da ka yi ƙarya ko ka buɗe abin da ba ka so ba, kamar ka ce labarin ƙagagge ne amma ka san gidaje irin wannan da kyau. Idan mai tambayar ya matsa, ka sake faɗin jimlar yadda take, ka tambaye shi mutanen gida.